Ekstansiyon ɗina ya ƙi ganin Kodi, kwana uku ke nan

Baban Tagwaye: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina da wata tsohuwar kwamfuta da allonta ya fashe, sai na jona ta da tele a falo, na sa mata Kodi, manhajar kunna bidiyo a tele, da Jellyfin, wadda ke kai bidiyon zuwa salula da sauran na'urorin gida. Bidiyon bikin ƙannena, da na sunan tagwaye, da tafsirin azumi da na tara shekara da shekaru, da ƴar kokowar da nake naɗa, duk suna cikin disk ɗin da ke jikinta. Wannan ɓangaren ba shi da matsala. To wani yaro a wurin aiki ya nuna mini ekstansiyon, wato ɗan ƙarin nan da ake liƙa wa burauza, wanda in kana kallon abu a kwamfutarka sai ka latsa, ya tura shi tele ta hanyar Kodi. Na saka, na cika duk abin da ya tambaya, amma kullum amsarsa ɗaya: ba ya iya haɗuwa. Sau huɗu ina cirewa ina mayarwa. Ina Wadata, ko akwai na kusa da zai duba mini.

Mai Gyara na Katako: Wa alaikumus salam Alhaji. Daina cirewa da mayarwa, wahalar banza ce. Bar ekstansiyon ɗin gefe tukuna. A kwamfutar da kake zaune gabanta, buɗe burauza ka rubuta adireshin IP na waccan ta falo, ka sa ɗigo biyu, ka ƙara 8080. Misali http://192.168.1.20:8080. Faɗa mana abin da ya fito.

Baban Tagwaye: Na rubuta. Ya yi ta juyawa, daga baya ya ce ba a samu shafin ba.

Mai Gyara na Katako: To ka gani, ekstansiyon bai yi laifin komai ba. Ƙofar ce a rufe.

Mushe Lissafi: Bari in ɗan faɗaɗa, don na san akwai masu karantawa shiru. Alhaji, ekstansiyon ɗin nan ɗan aike ne kawai. Ba ya kunna bidiyo, ba ya ajiye komai. Aikinsa ya ɗauki mahaɗin bidiyon, ya je ƙofar Kodi ya ƙwanƙwasa, ya ce ga saƙo. Adireshin IP shi ne lambar gidan, 8080 kuma ƙofar ɗakin da Kodi yake zaune. Jellyfin yana gida ɗaya da shi amma ƙofarsa daban, 8096. Plex kuma, wata manhaja irin Jellyfin, 32400. Shi Kodi da ƙofar nan a kulle yake zuwa, sai kai ka buɗe da hannunka. Shiga Paramètres, sai Services, sai Contrôle, ka kunna wurin da ya ce a yarda da sarrafawa daga nesa ta HTTP. In ba ka ga wurin ba, duba can ƙasa ta hagu, ka ɗaga matakin saiti zuwa Expert. Nan za ka ga lambar ƙofa da sunan shiga da kalmar sirri. Sunan da yake zuwa da shi kodi ne. Ka sa kalmar sirri, kada ka bar wurin fayau.

Baban Tagwaye: Mushe, Allah ya saka da alheri. Ashe ni 8096 na rubuta a cikin ekstansiyon ɗin, don ita na saba bugawa in zan kalli abu a salula. Kuma wancan wurin a kashe yake. Na kunna, na gyara lambar. Yanzu burauza ta tambaye ni suna da kalmar sirri, na sa, wani shafi ya buɗe da jerin fina-finaina. Amma ekstansiyon ya canja magana, yanzu 401 yake nunawa.

Ɗalibar Harobanda: Baba, 401 ci gaba ne. Ma'anarta ɗan aiken ya isa ƙofa, an tambaye shi kalmar sirri, ya faɗi wadda ba ita ba. Ku koma saitin ekstansiyon ku sake rubuta suna da kalmar, a hankali. Ku lura da allon rubutu. In waccan kwamfutar AZERTY ce, wannan kuma QWERTY, ko Windows ya sauya harshen rubutu ba ku sani ba, to inda kuke zaton kun buga a, q kuka buga, kuma tunda taurari ne ke fitowa ba za ku gani ba.

Baban Tagwaye: Ƴata, kamar kina tsaye bayana. Kalmar akwai a guda biyu a ciki. Na share na sa sabuwa, ya yi! Yanzu haka wani wa'azi na tura, yana tafiya a tele, tagwaye sun tsaya suna kallona kamar na yi dabo.

Ɗan Ader: Barka Alhaji. Mu nan Tawa muna biye da ku. Amma ni tambayata, mi ne amfanin wanga abu? In ka tura bidiyon YouTube zuwa tele, forfe ɗinka na intanet ba shi ƙarewa ne?

Mushe Lissafi: Yana ƙarewa mana, har da gudu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da ke cikin disk ɗinka, in ka kalle shi ta Jellyfin, cikin gida yake yawo, daga kwamfuta zuwa akwatin wifi zuwa salularka, ko mega ɗaya ba ya ci. Amma mahaɗin da ekstansiyon ya tura, Kodi ne zai je intanet ya jawo bidiyon da kansa, kuma sai an riga an saka masa ƙarin YouTube a cikinsa kafin ya iya. Tun da babban allo ne, yakan jawo hoto mai kauri. A taƙaita shi zuwa 480 ko 720 a saitin ƙarin, in ba haka ba forfen wata zai tafi a sati.

Ɗan Ader: Af, ashe dai kuɗin albasa ne za shi ƙare. Ni na tsaya ga disk ɗina.

*Washegari*

Baban Tagwaye: Jama'a, murna ta koma ciki. Jiya da dare an ɗauke wuta wajen awa uku. Da aka maido, komai ya tashi, tele na nuna Kodi lafiya lau, amma ekstansiyon ya koma gidan jiya: ba ya iya haɗuwa. Jellyfin ma a salula ya ce bai ga uwar garke ba, wato kwamfutar falo. Ban taɓa komai ba wallahi.

Mai Gyara na Katako: Gidan ya canja lamba. Duba adireshin kwamfutar falo yanzu. A Kodi, Paramètres, sai bayanan na'ura, sai ɓangaren rezo. Ko ka buɗe cmd, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig.

Baban Tagwaye: Jiya 192.168.1.20 ne. Yau 192.168.1.23. Wa ya canja?

Mushe Lissafi: Akwatin wifi ne. Shi ke raba lambobi ga duk na'urar da ta shigo, tsarin da ake kira DHCP, kuma aro yake bayarwa, ba kyauta ba. Da wuta ta tafi akwatin ya mutu, wasu akwatunan kuma in sun farfaɗo sun manta wa suka ba wace lamba. Salulolin gida suna da batir, suna nan a farke suna jira, akwati na tashi suka riga kowa shiga layi. Tsohuwar kwamfutarka kuwa sai ta gama miƙa kafin ta iso, ta tarar wani ya ɗauke 20. Ina kyautata zaton wayar uwargida ce ke riƙe da ita yanzu, ekstansiyon kuma yana can yana ƙwanƙwasa mata ƙofa yana neman Kodi. Masu rubuta bayanan nan a intanet galibinsu a ƙasashen da akwatinsu ke yin watanni bai mutu ba suke, shi ya sa ba sa damuwa da wannan. Mu nan, a watan Afrilu da Mayu, sau nawa a yini?

Mai Gyara na Katako: Magani biyu. Na ɗaya, shiga shafin akwatin, galibi 192.168.1.1, wasu ƙananan na sim 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, an rubuta a bayansa. Nemo wurin DHCP, ka ɗaure lamba ɗaya da adireshin MAC na kwamfutar, wato lambar shaidar da katin rezonta ya zo da ita. Daga nan ko sau goma aka ɗauke wuta, lambarta na jiran ta. Na biyu, ka rubuta lambar da hannu cikin Windows. Ni na ɗaya nake yi wa mutane.

Ɗalibar Harobanda: Yaya, ba kowane akwati ke da wurin ɗaurewar ba. Ƙananan na aljihu da yawa babu. Wanda nasa haka yake dole ya bi hanya ta biyu, sai dai ya zaɓi lamba can nesa wadda akwatin ba ya rabawa. In yana raba 100 zuwa 200, a ɗauki 50. In ba haka ba wata rana na'ura biyu za su tashi da lamba ɗaya, duka su tsaya.

Mai Gyara na Katako: Gaskiyarki. Amma ta biyu tana da tarko: ranar da ya canja akwati, ko ya kai kwamfutar wani gida, za ta ƙi shiga intanet, shi kuma ya manta ya taɓa rubuta wani abu. Sun sha zuwa shagona da wannan, wai kwamfuta ta lalace.

Baban Tagwaye: Nawa yana da wurin. Na ɗaure 20. Na kashe akwatin da gangan na kunna, ta dawo 20. Alhamdu lillahi.

Direban Dosso: Tunda ana maganar, ni tawa daban ce. Na yi shekaru ina amfani da irin wannan ekstansiyon a Chrome, ban taɓa samun matsala ba. Wata rana na buɗe na ga an kashe shi, an rubuta wai ba a tallafa masa kuma. Maɓallin kunnawar ma ya dushe. Adireshina bai canja ba.

Ɗalibar Harobanda: Kawu, wannan ba daga gidanku ba ne. Google ta sauya ƙa'idar da ake rubuta ekstansiyon da ita, daga Manifest V2 zuwa V3. Tun 2024 suka fara kashe tsofaffin a Chrome, a 2025 suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Wanda mai shi ya sabunta ya tsira, wanda mai shi ya watsar kuma shi ke nan. Irin waɗannan ƙananan ekstansiyon na Kodi sau da yawa mutum ɗaya ne ya rubuta don sha'awa, in ya gaji ba mai ɗauka. Firefox har yanzu tana karɓar tsohuwar ƙa'idar, ku duba ko akwai irinsa a rumbunta. Kuma masu tambaya a kan salula: Chrome ta Android ba ta ɗaukar ekstansiyon sam, Firefox ta Android ce ke ɗauka. Amma a waya ma ba a buƙatarsa, akwai Kore, manhajar sarrafa Kodi ta su kansu, sai ka yi partager ɗin bidiyo zuwa gare ta.

Direban Dosso: Wani ya turo mini fayil a WhatsApp, ya ce in kunna yanayin masu ƙira in loda shi da hannu, zai yi aiki.

Mai Gyara na Katako: Kada ka soma.

Ɗan Ader: Don mi? In shina aiki ai shi ke nan. Ku mutanen Yamai kun cika tsoro.

Mushe Lissafi: Malam na Ader, ba tsoro ba ne. Duba izinin da irin wannan ekstansiyon ke nema lokacin sakawa: ya karanta kuma ya canja bayananka a duk shafin da ka shiga. Yana da hujja, don sai ya leƙa shafin kafin ya gano bidiyon. Amma wannan izinin bai san bambancin shafin bidiyo da na banki ko akwatin saƙonka ba. Wanda ke cikin rumbun burauza aƙalla wani ya ɗan duba shi, kuma in an kama shi da mugunta ana iya cire shi. Fayil ɗin da ya biyo hannu goma a WhatsApp, wa ya san abin da aka cusa masa a hanya? Kai da kake sayen albasa a Galmi, kana biyan buhu ba ka kwance bakinsa ba?

Ɗan Ader: Buhu kam sai na zazzage. To amma ko na rumbun ai ba ka san cikinsa ba, Mushe. Kai ma yarda ce ka yi.

Mushe Lissafi: Wannan kam ka kama ni. Shi ya sa ni na taƙaita nawa. A Chrome, cikin bayanan ekstansiyon akwai wurin da za ka ce kada ya taɓa shafi sai ka latsa shi, ko ka lissafa masa shafukan da aka yarda. Wasu kuma burauza daban suke ware wa kallo, wadda ba sa shiga komai na kuɗi da ita.

Hajiya ta Yantala: Ni ban san kan waɗannan lambobi ba, ɗana ne ya haɗa mana irinsa a gida, yanzu yana karatu a waje. Tambayata ɗaya ce, kuma ina so a ba ni amsa tsakani da Allah. Bidiyon bikin ƴaƴana mata na ciki, da na lalle, da na kamu, inda mata ke sake jiki tunda ba maza. Wannan ƙofa da kuke ta cewa a buɗe, wani a waje zai iya shigowa ya gani?

Mushe Lissafi: Hajiya, barka da yamma. Yadda Alhaji ya yi nasa, a'a. Duk adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba a isa gare shi daga intanet. Wanda zai gani sai wanda ke kan wifi ɗinku. Saboda haka abin dubawa shi ne su wa ke da kod ɗin wifi. In yaran makwabta da masu zuwa gaisuwa duk suna da shi, to suna cikin gidan ke nan. A tabbata kowane mai shiga Jellyfin yana da kalmar sirri, kuma ana iya ware babban fayil ɗin biki a ce asusun Hajiya kaɗai ke ganinsa. Sai dai ki tambayi ɗanki abu guda: ya buɗe hanya daga waje don ya riƙa kallo daga can? In ya buɗe, ta wace hanya?

Hajiya ta Yantala: Zan kira shi yau ɗin nan. Kod ɗin wifi kuwa, rabin layinmu na da shi. Allah ya shirya.

Ɗan Ader: Yawwa, an zo wurin da nike jira. Ni ƙanena na nan Yamai, Bukoki, shi ke da disk ɗin da munka tara kaset ɗin mahaifinmu a ciki, wa'azin da shi ke yi a masallacin unguwa kafin rasuwarshi. Ƙaƙa za ni yi in saurara daga Tawa? Mun buɗe 8096 a akwatinshi kamar yadda anka nuna a wani bidiyo, ba ta yi ba.

Ɗalibar Harobanda: Allah ya jiƙan Baba. Ba za ta yi ba a mafi yawan layukan sim, kuma gara da ba ta yi ba. Kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje, ana ce masa CGNAT. Ku duba adireshin da akwatin ya samu daga kamfani: in yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to ba naku ba ne ku kaɗai, buɗe ƙofa a akwatinku bai kai ko'ina ba. Ku rufe abin da kuka buɗe. Hanya mai sauƙi ita ce manhajar Tailscale. Ku saka shi a kwamfutar Bukoki da salularku, ku shiga da asusu ɗaya, sai ya haƙa muku rami na sirri tsakanin biyun, a kan fasahar WireGuard aka gina shi. Zai ba kwamfutar wani adireshi, shi za ku rubuta a Jellyfin tare da 8096. Amfanin mutum na kansa kyauta ne. Tunda sauti ne ba hoto ba, ba zai ci forfe sosai ba, amma ku sani ɓangare biyu ke biya, ku da ƙanenku.

Direban Dosso: Ai da Plex kuka yi da duk ba ku sha wannan wuyar ba. Shi da kansa yake nemo hanya.

Mai Gyara na Katako: Da can. Tun ƙarshen Afrilun 2025 kallon bidiyonka daga wajen gida a Plex sai da biyan kuɗi, kuma Plex Pass, wato rajistarsu ta biyan kuɗi, na har abada ya tashi daga dala 119.99 na Amurka zuwa 249.99 a lokacin. Wa zai fid da wannan don kallon bikin ƙanwarsa? Ga shi shiga asusun ma ta intanet yake bi. Rezo ya yanke, kana zaune kusa da disk ɗinka, yana iya hana ka shiga, sai in ka riga ka rubuta masa adireshin gidanka a jerin waɗanda ba a tambaya. Jellyfin tun da suka ɓalle daga manhajar Emby a ƙarshen 2018 kyauta yake, kuma asusunsa a cikin kwamfutarka yake zaune.

Direban Dosso: Amma ka faɗi gaskiya, Plex ya fi kyan gani, kuma kusan kowace tele na da shi a ciki. Matata ba ta taɓa kira na ina hanya ta ce abu ya ƙi ba. A cikin gida ban biya ko dala ba.

Mai Gyara na Katako: Ban musa ba. Wanda nasa ke tafiya ya bar shi.

*Bayan kwana biyu*

Baban Tagwaye: Ku yi haƙuri da ni, na sake dawowa. Ya sake ɓacewa. Wannan karon ba a ɗauke wuta ba. Na duba, kwamfutar ta koma 192.168.1.27, alhali ɗaurin da na yi yana nan a akwatin, na gan shi da idona.

Mai Gyara na Katako: Ba zai yiwu ba. Ka tabbata ka adana?

Mushe Lissafi: Ko Windows ɗin yana canja adireshin MAC da kansa? Akwai saitin adireshin bazata a ɓangaren wifi, in yana kunne akwatin zai ɗauka baƙuwa ce ta zo.

Baban Tagwaye: Na duba, a kashe yake.

Ɗalibar Harobanda: Baba, tsakanin shekaranjiya da yau, kun jona wani abu a jikin kwamfutar?

Baban Tagwaye: Waya kawai. Bidiyon biki yana tsinkewa in ana kallo a ɗaki, sai na sayo wayar rezo mita biyar, jika biyu, na haɗa ta da akwatin kai tsaye. Tsinkewar ta daina kuwa.

Ɗalibar Harobanda: To ita ce. Katin wifi da ramin waya kowanne da nasa MAC. Kun ɗaure 20 da na wifi, yanzu kwamfutar ta shigo ta waya da wata fuskar, akwati bai gane ta ba. Ku sake ipconfig /all, ku kwafi adireshin da ke ƙarƙashin Ethernet, ku sa shi a madadin tsohon, ku kashe wifi ɗin kwamfutar gaba ɗaya. In bayan haka shafin 8080 ya ƙi buɗewa daga ɗaya kwamfutar, ku duba ko Windows ya ɗauki sabon haɗin a matsayin Public, ku mai da shi Privé, don katangar tsaronsa na iya tare ƙofar.

Mai Gyara na Katako: Ƙanwata, in kin gama karatu akwai benci a shagona.

Baban Tagwaye: Duka biyun ne. MAC ɗin daban, kuma yana kan Public. Na gyara, 20 ta dawo, ekstansiyon ya yi kore. Na rubuta lambobin a takarda na manna a bayan tele. Yanzu saura zafi, kwamfutar tana huci kamar tukunya tun azahar.

Mai Gyara na Katako: Ƙura ce ta toshe fanka. Ɗaga ta kan bulo biyu iska ta shiga ƙasanta, kuma ka duba batir ɗin, in ya kumbura a cire shi yau. Kawo ta Asabar da safe in hure maka.

Ɗan Ader: Ramin ya yi. Daren jiya na ji muryar tsoho daga Bukoki har Tawa, kaset na farko duka. Na biyu ya tsaya a tsakiya, ƙanena ya ce wuta ce anka ɗauke can.